Cire layukan ado daga tankin babur ba tare da taɓa fentin kamfani ba

Shagona yana Aboabo a Kumasi, ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gabansa, kuma ni da yara uku masu koyon aiki muke cikinsa. Sana'ata fentin babur ce. Na koye ta a Suame Magazine, matattarar makanikai da masu walda da masu fenti da ta samo asali tun shekarun 1930, inda na yi shekara biyar a hannun wani maigida mutumin Asante kafin ya sallame ni. Yawancin abin da ake kawo mana Boxer ne da Haojue da Apsonic da TVS, sai kekuna masu taya uku, aboboya na ɗaukar kaya da pragya na ɗaukar fasinja, kuma aikinsu sananne ne: a daidaita wurin da ya lotse, a goge, a fesa sabon fenti. Amma akwai wani aiki da ba ya kawo kuɗi sosai, yana kuma cin yini guda, duk da haka shi ne na fi ba muhimmanci, wato cire layukan ado da aka zana da buroshi a kan tanki ko madigadi, a bar fentin kamfani yadda yake.

Dalilin da ya sa ake neman wannan aiki ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san zango. Saurayi zai sayi sabon babur, kafin mako ya zagayo ya kai shi wurin mai rubuta allon shaguna, a ja masa siraran layuka ja ko fari ko ruwan zinare a gefen tanki, wani lokaci har da laƙabinsa ko wata kalma irin “Sai haƙuri”. Bayan shekara biyu ya sayar, wanda ya saya kuma ba ya son yawo da adon wani. Haka nan manyan baburan Honda da Yamaha na hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, wasu sukan zo da zanen da masu su na can suka sa aka yi. Mafi sauƙi a wurina shi ne in goge tankin gaba ɗaya in sake fesawa, kuma da na fi samun kuɗi. Sai dai duk mai sayen babur na hannu da ya san abin da yake yi, idan ya ga an sake fentin tanki, abin da zai fara zargi shi ne babur ya taɓa faɗuwa, sai farashi ya sauka. Ban da wannan, fentin kamfani a ɗaki marar ƙura aka fesa shi, aka gasa shi a tanda, kuma babu mai fenti a ƙarƙashin rumfar kwano, ko da ni ne, da zai iya maido da irinsa.

Wanda zai yi wannan aiki dole ya san abin da ke kan ƙarfen hawa-hawa. Akwai fentin shimfiɗa da ke kama ƙarfe ya hana tsatsa, sai launi a kansa, sannan a yawancin babura na zamani sai wani fenti garai-garai mai sheƙi da muke kira kiliya. Kaurin kiliyar nan bai kai na takardar rubutu ba, kuma ita ce dukan abin da muke karewa. Tana da ƙarfi domin ta bushe ne ta hanyar haɗuwar sinadarai, ba ta hanyar shan iska kawai ba, shi ya sa fetur ba ya narkar da ita nan take. Fentin masu zane kuwa na mai ne, ko irin One Shot na Amurka da ƙwararru ke amfani da shi, ko kuma, kamar yadda aka fi yi a nan, fentin gwangwani na ƙofa da taga. Iska ce ta busar da shi, bai kai kiliya tauri ba. A kan wannan bambancin ƙarfi aikin gaba ɗaya ya dogara: ana neman abin da zai ci na sama ya kasa cin na ƙasa.

Saboda haka ba na buɗe kwalbar komai sai na yi gwaji uku. Na farko da farce ne: in bi gefen layin a hankali, idan farcena ya maƙale a bakinsa to zanen yana sama. Idan kuwa wurin sumul yake kamar madubi, to layin yana ƙarƙashin kiliya, kamar yadda kamfanoni da yawa suke yi wa sitikar tanki, kuma ba hanyar kai wa gare shi sai an huda kiliyar. Irin wannan nakan gaya wa mai shi ya haƙura, ko ya yarda a sake fenti. Wani lokaci ma layin kamfanin ne da kansa, kamar na ruwan zinare da ake ja da hannu a tankin wasu baburan Royal Enfield a masana'antarsu ta Chennai a Indiya, wanda cire shi rage wa babur daraja ne. Gwaji na biyu, in ɗiga man goge fenti a farin tsumma in murza ƙasan tanki inda ido ba ya kaiwa. Idan launi ya fito a tsumman, babu kiliya ke nan, launin a fili yake, sai a ninka taka-tsantsan. Na uku shi ne in tabbatar ko fentin na kamfani ne tun asali, ta hanyar duba bakin murfin mai da ƙarƙashin kujera da gefen robobi, inda mai fesawa yakan bar alamar tef ko ɓurɓushin feshi.

Gwajin nan na uku da asara na koye shi. Shekarar da na buɗe shago, wani malamin makarantar Islamiyya daga Asawase ya kawo mini baƙin babur mai jan layi, ya ce a wurin wanda ya saya an tabbatar masa ba a taɓa fentinsa ba. Na karɓi maganar ban duba ba, na jiƙa tsumma da tina, wato ruwan nan mai ƙarfi da ake tsinka fentin feshi da shi, na shafa sau ɗaya, sai ga jan da baƙin sun narke tare har fentin shimfiɗa ya bayyana. Ashe an taɓa fesa tankin da fenti mai araha wanda tina ce ke narkar da shi ko bayan shekara goma. Na je har gida na same shi bayan la'asar na ce, “Malam, na yi maka ɓarna, laifin kuma nawa ne domin ban gwada ba.” Ya yi shiru kaɗan ya ce, “Ɗana, tunda ka zo da ƙafarka ka faɗa, je ka gyara.” Na sake fesa tankin da kuɗina, amma har yau idan na tuna irin sheƙin da na ɓata cikin daƙiƙa biyu raina yakan sosu, kuma wannan labarin ne farkon abin da nake ba kowane sabon yaro.

Idan gwaji ya nuna zanen yana sama kuma kiliyar ta kamfani ce, sai a wanke tankin da sabulu da ruwa mai yawa, domin ƙurar da ta kwanta a kai, musamman ta hunturu, idan tsumma ya ja ta aikin sanfefa take yi. A inuwa muke aiki, da sassafe idan zai yiwu, tun ƙarfe bai ɗauki zafi ba, saboda fenti mai zafi yana laushi, sinadari kuma yana bushewa a kansa kafin a share. Nakan sa tef a gefe biyu na layin, in bar abin da bai wuce faɗin yatsa ba, sannan in fara da mafi rauni. Zanen da bai fi 'yan makonni ba, kananzir ko farin man da ake tsinka fentin mai da shi yakan tayar da shi. Idan ya ƙi, sai man goge fenti da tsumman auduga da aka naɗe a yatsa, ana bin tsawon layin, ba a yin da'ira. Wannan hanya ce mai gajiyarwa, yara ba sa son ta, amma ita ce mafi aminci, kuma layukan da rana ta riga ta cinye rabinsu da ita kaɗai suke tafiya.

Sai tsohon zane mai kauri wanda ya shekara biyar ko fiye. A nan ne tina take shigowa, amma ba da tsumma jiƙaƙƙe ba. Auduga ake naɗawa a tsinke, a tsoma, a matse, a taɓa wurin da bai fi tsawon gaɓar yatsa ba, a share nan take da wani tsumma mai ruwan sabulu, a jira, sannan a koma. Muddin tinar ba ta zauna ba, kiliya mai kyau tana jurewa. Wata dabarar da masu wannan zane a Amurka suka daɗe da sani ita ce kumfar wanke tandar gasa abinci, wadda ƙarfinta daga soda yake, irin sodar da mata suke haɗa sabulu da ita. Soda tana cin fentin mai domin tana mayar da man da ke cikinsa kamar sabulu, alhali kiliya ba ta da wannan man. Ana shafa ta a kan layin kaɗai, a bar ta minti 3 zuwa 5, a share, a wanke da ruwa sosai. Tana aiki, amma tana ƙona fata, tana iya makantar da ido, tana kuma ɓata alminiyam da tabon da ba ya fita, don haka ba na yarda a yi ta sai an sauke tankin daga kan babur, an sa safar roba da tabarau.

Akwai abubuwan da na haramta a shagon. Man birki yana cin fenti, shi ya sa wasu suke ba da shawararsa, amma ba ya bambanta zane da kiliya. Asiton, wanda yake cikin ruwan goge fentin farce na mata, yana narkar da robar murfin gefe. Reza kuwa a kan tanki mai lanƙwasa sai ta tsaga. Idan layin sitika ce ba fenti ba, ɗumi kaɗan daga na'urar busar da gashi ya isa a ɓare ta, kananzir ya ɗauke danƙon, amma ba a kusantar da wuta ko zafi mai tsanani ga tanki, ko da babu mai a ciki, domin tururin fetur da ya rage ya fi man kansa haɗari.

Sanfefa ita ce makoma ta ƙarshe, kuma ni kaɗai nake riƙe ta. Mai laushi sosai, lamba 2000, nake jiƙawa a ruwa, in naɗe ta a guntun roba, in bi ragowar zanen da nauyin yatsa biyu, sannan lamba 3000 wadda ta fi ta laushi, sannan man gogewa har sheƙi ya dawo. Muddin ruwan da ke gangarowa fari ne kamar madara ko launin zanen ne, ana cikin aminci. Da zarar launin tankin ya bayyana a ruwan, an riga an huda. Gefuna da ƙusoshin tanki su ne mafi haɗari, domin a nan fenti ya fi siranta.

Abu ɗaya da ba ni da iko a kansa shi ne inuwar zanen. Fentin da ke ƙarƙashin layi ya yi shekaru a ɓoye, na kewayensa kuma ranar Kumasi ta kode shi, saboda haka bayan an cire zanen sai a ga siffarsa ta rage, ta fi sauran wurin duhu. Ja ya fi kowane launi nuna wannan, baƙi da fari sun fi rufa asiri. Goge tankin gaba ɗaya yana rage bambancin, zama a rana na wasu watanni ma yakan taimaka, amma wani lokaci ba ya ɓacewa. Shi ya sa nake faɗa tun kafin a yi ciniki.

Kwanan baya wani dattijo daga Tafo ya kawo jar Honda da ƙanensa marigayi ya bari, da fararen layuka da laƙabin marigayin a kan tanki. Yana so ya ba ɗan marigayin, wanda ya sami aiki, sai dai yaron ya ce ba zai iya hawa yana kallon sunan mahaifinsa kullum ba. Na gwada ƙasan tankin, na cire ɗan guntun layi a inda cinya take rufewa, na nuna masa inuwar na ce, “Alhaji, fentin zai fita, amma sunan zai rage kamar haka, ana ganinsa idan rana ta haska ta gefe.” Ya daɗe yana duban wurin, sannan ya ce, “Malam, cire. Wannan ɗin da zai rage ya ishe mu.”

Kwana biyu aikin ya ɗauke ni, da auduga da tina da man gogewa, ban sa sanfefa ba ko sau ɗaya. Na shafa masa kakin kariya, na gaya wa yaron ya riƙa ajiye babur ɗin a inuwa, ya kuma share fetur nan take idan ya zuba a tanki wajen shan mai. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zo tare, yaron ya tuƙa, Alhaji ya hau baya.