Sidi 340 da ba su taɓa ɓacewa ba

Talata, Kumasi.

Ruwa tun asuba. Trotro, motar haya, babu wuri, sai da na taka daga Aboabo har Asawase. Koko da ƙosai a tsaye.

Na tarar da Sadiya a shagon Hajiya idonta jajur. Wai rahoton jiya ya nuna kayan da suka fita sun zarce kuɗin da ya shigo da sidi 340, kuma ita ce mai karɓar kuɗi. Hajiya ba ta kira ta ɓarauniya ba. Cewa ta yi, "Ki tuna da kyau, 'yata," a gaban 'yan dako. Ai magana ta ƙare.

Na sake fitar da rahoton jiyan, ya fito cif, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Sai na buɗe abin da muka gada daga wanda ya fara rubuta manhajar shagon. Tambaya biyu rahoton yake yi wa rumbun bayanai: ya tara kuɗi tukuna, sannan ya tara kaya. An buga shi ƙarfe biyar, ana tsakiyar ciniki, kuma a ɗan tsakanin nan ne wani ya sayi shinkafa da mai ya biya da MoMo, wato kuɗi ta waya. Tambayar farko ba ta ga cinikin ba, ta biyu ta gan shi.

Na kira Yaya Bashir, kuma hirar ce ta tsaya mini a rai har yanzu.

"Ba zai yiwu ba, ƙanena. Ai a tiransakshan ɗaya suke."

Tiransakshan shi ne ɗaure ayyuka da yawa su tafi a matsayin aiki ɗaya. Na ce Yaya, a MySQL, rumbun bayanan da ka saba, haka ne, injinsa InnoDB da matakin REPEATABLE READ yake tashi, wanda tambayoyi duka hoto ɗaya na rumbun suke gani. Mu rumbun PostgreSQL muke kai, shi kuwa in ba ka faɗa masa komai ba READ COMMITTED yake ba ka, kowace tambaya da sabon hoton rumbun da take ɗauka. Tamkar ka ƙirga tumaki ƙofar garke a buɗe ne.

"To ka sa SERIALIZABLE ko'ina mu huta."

Nan raina ya ɓaci, don na san ba hutu a ciki. Matakai huɗu na keɓe tiransakshan daga juna ƙa'idar SQL, harshen tambayar rumbu, ta 1992 ta jera, kuma gaskiya ne SERIALIZABLE ya fi sauran tsauri. Tun fitowar PostgreSQL 9.1 a 2011 yake aiki da gaske. Amma yadda yake kare ka shi ne, in ya hango ayyuka biyu za su ci karo sai ya soke ɗaya, ya dawo maka da lambar kuskure 40001, kai ka sake gwadawa. Manhajarmu ba ta iya sake gwadawa ba, ba wanda ya rubuta mata hakan. Wa zai tsaya gaban allo yana kallon kuskure, mai saye na jira, ana sauri a rufe kafin magariba? Sadiyar dai.

Abin da rahoto ke bukata layi ɗaya ne a farkonsa:

BEGIN TRANSACTION ISOLATION LEVEL REPEATABLE READ READ ONLY;

Hoto ɗaya ake ɗauka daga tambayar farko, duk na baya a kansa za su tsaya, ko ciniki nawa aka yi a tsakani. READ ONLY kuma na sa shi da gangan. Rahoto karatu ne aikinsa, in wata rana wani ya cusa masa UPDATE ko DELETE, umarnin canza bayani ko goge shi, rumbun da kansa zai ƙi. Yaya ya ce wannan ƙawa ce kawai. Ban yarda ba, amma na yi shiru, ya girme ni.

Na gwada da tagogi biyu a kwamfuta, ina shigar da ciniki a ɗaya rahoto na gudu a ɗaya. Tsohon ya karkace, sabon bai motsa ba.

Na kai wa Hajiya takardu biyun. Ta daɗe tana dubawa, ta ce, "To, Allah ya kyauta, ɗana. Na'ura ma tana ƙarya ashe." Ta aika aka sayo wa Sadiya lemo. 'Yan dakon da suka ji maganar safe sun riga sun wuce Kejetia, ba wanda ya gaya musu komai. Shi ne ya hana ni jin daɗin gyaran.

Wuta ta ɗauke bayan isha'i. Umma ta ajiye mini tuwo, ya huce.

Saura cire kaya daga sito. Masu sayarwa biyu na iya karanta cewa buhu ɗaya ya rage, kowa ya sayar da shi. Can SELECT FOR UPDATE nake so a kan layin kayan, umarnin da ke kulle layin har mai sayarwa na farko ya gama, kuma gobe sai na zauna da Yaya Bashir ido da ido kafin in taɓa.