Alhamdulillah, na samu sauƙi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi ban ma san ta ina zan fara ba, jikina har yanzu a mace yake, amma yau kwana 40 kenan ina barci har asuba ba firgita ba ihu, fitila ma a kashe. Ku da kuka bi labarin rashin lafiyata tun farko kun san me wannan yake nufi a wajena.

Dare ɗaya ne ba zan manta ba. Wajen ƙarfe uku abin ya danne ni, ina ji ina gani amma ko yatsa na kasa ɗagawa, Umma ta fita alwala, autarmu ce kaɗai a ɗakin, yarinyar da ko tsakar gida ba ta iya fita da dare saboda tsoro. Maimakon ta gudu sai ta hau gadon ta riƙe hannuna tana karanta Ayatul Kursiyyu, murya na rawa, tana zuwa tsakiya sai ta kakare ta koma farko, ta sake kakarewa ta sake komawa, hawayenta na ɗiga a goshina. Auta, Allah ya miki albarka, ya ba ki mai riƙe hannunki ranar da kike buƙata.

Umma na san ba kya so a ambace ki, ki yi haƙuri yau sai na faɗa. Baƙara aya 286 ce, kullum sai kin sauke ta a ɗakina har muryarki ta dishe. Allah ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki, ya jiƙan Abba, ya haskaka kabarinsa.

Malam da ya min ruƙiya, shi ya dage sai na ga likitan ƙwaƙwalwa, ya ce addu'a ba ta hana neman magani. A gaban likitar na fara furta abin da aka min ina shekara 14, wanda na binne shekara tara ko Umma ban faɗa wa ba. Daga nan azkar ɗin safe da yamma suka fara shiga zuciyata, da can baki ne kawai. Allah ya saka muku da alheri, ya kare zuri'arku, ya yaye wa duk mai irin wannan lalura.

Dangin da ko kira babu, sai dai labari ya dawo mana wai na haukace, ba komai, na yafe, amma Umma ta yi kuka ranar.

Masu turo saƙo ku min uzuri, ban iya daɗewa da waya ba tukuna, a hankali zan amsa kowa in sha Allahu.