Godiya: Auta ta cika kwana 40 tana barci ba susa

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Yau kwana 40 ke nan Auta tana kwantawa bayan isha'i, ba ta farkawa sai an kira assalatu. Wanda bai taɓa raba dare yana riƙe da hannun yarinya 'yar shekara 6 don kada ta yage fatarta ba, zai ga wannan ba abin rubutu ba ne. Ni kuwa tun tuni na ƙudurta ranar da muka cika arba'in zan zauna in yi godiya. Alhamdulillahi, godiyar farko ta Mai sama ce, Shi Ya saukar da cuta Ya saukar da magani.

Waɗanda suka san mu sun san karatun maigida ne ya kawo mu jihar Kerala, can kudancin Indiya, muka zauna a gundumar Malappuram. Ba mu rufa wata 3 ba abin ya fara: ja-ja-ja a bayan gwiwa, sai lanƙwasar hannu, sai wuya. Fatar ta bushe ta yi kaushi, ta sosa ta fashe, ta yi ruwa, ta sake bushewa ta yi baƙi. Na tura hoto gida, kowa da nasa fatawar. Wannan ya ce kyasbi ne, wancan ya ce ƙazuwa, wata gwaggona ta ce kirci ne, kuma ita ta fi kowa kusa da gaskiya. Likita ya kira shi egzima, ya ce fatar ce ba ta iya riƙe danshi, komai ƙanƙantar abu sai ya fusata ta. Ba a ɗaukarsa, ba ƙazanta ke kawo shi ba. Na so a ce na san haka tun kafin in yi ta dirzar baiwar Allah da soso da sabulu mai ƙarfi, ina ganin gata nake mata.

Kuskurena na biyu ya fi wannan. Wani ya haɗa ni da wani man shafawa a ɗan gwangwani, ba suna ba rubutu, aka ce zallar ganye ne. Kwana 3 fata ta yi sumul, har na yi sadaka. Da ya ƙare, abin ya dawo ninkin-ba-ninkin. Daga baya likita ya ce ga dukkan alamu an cuɗa masa sitiroyid mai ƙarfi ne, wato maganin asibiti mai kwantar da kumburi, aka ɓoye. Na yafe wa wanda ya ba ni, wataƙila shi ma yadda aka faɗa masa ya faɗa mini.

Godiyata ta farko cikin mutane ta tsohuwar da muke haya a gidanta ce. Musulmin Kerala su ma Umma suke kiran uwa, to ni ma Umma nake ce mata. Ba ta jin Turanci, ba na jin Malayalam, amma kukan dare ba ya buƙatar tafinta. Ita ta ƙwanƙwasa mana ƙofa wata safiya, ta kama hannun Auta ta juya shi, ta girgiza kai, ta sa jikarta ta ce mini in shirya. Yankin nasu matattarar Ayurbeda ce, wato maganin gargajiyar Indiya. A garin Kottakkal da ke kusa da mu ne P. S. Varier ya kafa shahararriyar cibiyar Arya Vaidya Sala tun 1902. Amma Umma ba can ta kai mu ba, wurin wani dattijon likitan unguwa ta kai mu, wanda suke kira baidiyar.

Na tafi da tunanin zan tarar da irin masu shimfiɗa saiwoyi a bakin kasuwa. Sai na ga takardar digiri a bango. Ashe shekara 5 da rabi suke karatun, kuma tun 2014 gwamnatin Indiya ta ware wa wannan fanni da makamantansa ma'aikata guda mai suna AYUSH. Ya yi kusan awa yana tambaya: me take ci, yaya bayan gidanta, da wane ruwa ake mata wanka, akwai mai asma a dangi? Akwai kuwa, kakanta na wajen uba. Ya ce a littattafansu na da, irin su Caraka Samhita, ciwon nan sunansa bicarcika, yana cikin babin cututtukan fata da suke kira kushta, kuma suna danganta shi da rikicewar abubuwa 3 da suke cewa su ke tafiyar da jiki: bata, pitta da kafa. Wannan bayanin nasu ne, na saurara na bar musu kayansu. Abin da ya shige ni shi ne maganarsa ta ƙarshe, cewa ba zai yi mini alkawarin warkewa ba, ciwo ne da ake lallaɓawa, yana lafawa yana tashi, yara da yawa kuma yana sassauta musu idan sun girma. Bayan wata 8 ina jin "sha yanzu magani yanzu", shi ne na farko da ya faɗa mini abin da ba na son ji. Allah Ya saka maka da alheri, baidiyar.

Da ya fito da ganyen da za a riƙa tafasawa a sirka ruwan wanka, sai da na yi dariya har da ƙwalla. Darbejiya ce. Dogon yaron da ke ƙofar gidanmu a Kano, wanda muke shara muna tsaki, shi na ƙetaro teku na tarar. Ashe ma asalinsa daga can ne aka kai mana. Ya haɗa da man kwakwa da aka dafa da magunguna, a shafa sau 2 a rana, musamman da an fito wanka jiki bai gama bushewa ba. Sai wani jiƙo mai ɗacin gaske da suke kira kashayam, wanda sai da lallashi da dabino yake wucewa. Ya sa mana dokar abinci: a rage tsami da yaji, a bar kindirmo da dare, kada a haɗa kifi da madara. A garin da kifi yake kamar tuwo a wurinmu, wannan doka ba ƙarama ba ce.

Akwai abubuwan da ya ja mini kunne a kansu, kuma amana ce in faɗa. Man darbejiya ba a ba yaro ya sha, guba ne gare shi. Magungunansu da ake kira arishtam da asabam tsima su ake yi, suna da giya a ciki. Da kansa ya ce tunda mu Musulmi ne zai kauce musu. Wankin cikin da manya ke yi a tsarin pancakarma ya ce ba na yarinya kamar wannan ba ne. Sannan ya hana ni sayen ƙwaya ko garin magani a intanet, domin wasu haɗe-haɗen ana sa musu ƙarafa. Maigida ya bincika ya tarar a wani bincike da aka wallafa a 2004 an gwada irin waɗannan magunguna 70 daga shagunan birnin Boston na Amurka, aka samu dalma ko zaiba ko arsenik a 14 daga cikinsu.

Amma ranar da ya fi burge ni ita ce ranar da ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Damina ta sauka a watan Yuni, irin ruwan Kerala da ba ya ɗaukewa, kaya ba sa bushewa. Ciwon bayan gwiwar ya yi ɓawo rawaya kamar zuma ta daskare, ga zazzaɓi. Kallo ɗaya ya yi ya ce ƙwayar cuta ta shiga, mu wuce asibiti yanzu, kada mu kwana. Likitar fatar da ta karɓe mu ta ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da man sitiroyid mai sauƙi na 'yan kwanaki, ta auna mini a kan yatsa yawan da zan shafa. Na tsorata da jin sunan, ta zaunar da ni ta bambance mini wanda aka auna da wanda aka ɓoye a gwangwani. Ba ta kushe man kwakwar ba, ta ce a ci gaba inda fata ba ta fashe ba. Na gode, likita, Allah Ya ƙara basira.

Masu tambayata a waya wanne ne ya yi aiki, na Indiya ko na asibiti, ku yi haƙuri, ba zan raba musu lada ba. A ganina rabin sauƙin nan daga ƙananan abubuwa ya zo: yanke farce, kayan auduga, ruwa mai ɗumi-ɗumi, da shafa mai ba fashi. Da kuma abin da ya fi mini ciwo, na daina turara kayanta da turaren wuta, humra ma ta bar ɗakin kwananta. Bakanuwa ba turare, ku taya ni jaje.

Maigida, ka raba dare da ni alhali da safe kana da aji, ba ka taɓa cewa uffan ba ko ranar da na huce haushina a kanka. Allah Ya bar zumunci, Ya ba ka sa'ar karatu. Hajiya, addu'arki ta kowace asuba ta iso, Allah Ya ƙara girma da nisan kwana. Yaya, man kaɗen da kika aiko ta hannun ɗalibi ya zo lafiya, likita ta duba ta amince, yanzu har Umma tana ɗiba tana shafa wa ƙafarta. Malamar ajin Auta da ta tara yara ta gaya musu ba a ɗauka, ta zaunar da ita a tsakiyarsu, ban san da me zan biya ki ba. Matan ɗaliban Najeriya da Nijar da kuka riƙa aiko da girki makon da muke asibiti, Allah Ya raya muku zuri'a. Waɗanda suka kira ban ɗaga ba, ku yafe ni, ba wulaƙanci ba ne.

Don Allah kada a turo mini a ce in rubuto sunayen magungunan. An ba ta ne bayan an duba ta, ɗan wani kuma sai an duba shi.

In Allah Ya yarda muna gida a watan Disamba, tsakiyar hunturu, kuma an gaya mini busasshiyar iska tana iya tayar da shi. Na riga na tanadi galan na man kwakwa. Masu zuwa tarbarmu, ku rungume ta son ranku, amma a taimaka a rage turare ranar. Ku sa mu a addu'a.