Ranar lamba 42 a Brooklyn

Talata, 15 ga Afrilu

Da na isa gidan dattijon da nake yi wa aikin jinya yau da safe, na tarar ya riga ya shirya, ya kafa tsohuwar hularsa shuɗiya mai harafin B a goshi. Shekararsa 85, ƙafa ta ƙi sai keken guragu, amma ya ce yau ba zaman ɗaki. Na ce, "Baba, ina muka nufa?" Ya ce titin Bedford Avenue, nan Brooklyn, a birnin New York.

Dogayen benayen haya na tarar a can, sai yara suna guje-guje a tsakar gida. Nan filin Ebbets Field yake a da, inda ƙungiyar besbol ta Dodgers ta zauna tun 1913, aka rushe shi a 1960. Baba ya ɗaga hannu yana nuna min inda mai jifan ƙwallo ke tsayawa, kamar yana ganinsa. Ya ce asalin sunan Dodgers ma, wato masu kaucewa, daga mutanen unguwar ya fito, saboda yadda suke kauce wa taragon da ke ratsa tituna.

A rana irin ta yau a 1947 Jackie Robinson ya shiga wannan fili, baƙar fata na farko a babbar gasar besbol ta Amurka bayan sama da shekara sittin ana toshe musu ƙofa. Branch Rickey, shugaban ƙungiyar da ya ɗauke shi, sharaɗi ya gindaya masa: duk zagin da za a yi masa kada ya rama. Ni da na san yadda zuciya ke tafasa in aka ci min mutunci a wurin aiki, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Tun 1997 ba a sake ba sabon ɗan wasa lambarsa ta 42 ba, amma duk 15 ga Afrilu kowa ita yake sawa.

Baba ya lissafa min da yatsu sau biyar da ƙungiyar Yankees ta New York ta doke Dodgers a wasannin ƙarshe na cin kofi: 1941, 1947, 1949, 1952, 1953. Sai 1955 Allah ya yi, mai jifan Dodgers Johnny Podres ya hana Yankees ci ko ɗaya a wasa na bakwai, suka ɗauki kofin. Bayan kakar 1957 mai ƙungiyar, Walter O'Malley, ya kwashe ta zuwa Los Angeles. A nan Baba ya yi shiru. Na gyara masa bargo, ban ce komai ba.

A hanyar dawowa na yi masa ƙorafin abin da ke cina a rai: kamfanin da ya turo ni ya ƙi sauya min lokaci ranar Juma'a, wata uku ke nan ban samu jam'i ba. Sai ya ba ni labarin Sandy Koufax, Bayahude haifaffen Brooklyn, ɗan wasan Dodgers mai jifa da hagu. A 1965 wasan farko na cin kofi da Minnesota Twins ya faɗo ranar Yom Kippur, ranar da ta fi kowace girma a addininsu. Koufax ya ce ba zai buga ba. Don Drysdale ya karɓe shi, aka ci su. Koufax ya dawo ya yi jifa a wasa na biyu, na biyar da na bakwai, na ƙarshen da hutun kwana biyu kacal, kuma suka ci wasan 2 da nema, suka ɗauki kofin. Shekara guda bayan haka ciwon gwiwar hannu ya sa ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30.

Wannan labarin ya fi zauna min a zuciya. Mutum yana ganiyarsa, ƙasa duka na kallo, ya ce ibadarsa ce gaba.

Da yamma muka kunna talabijin, 'yan wasa duk da 42 a baya. Da aka nuno Shohei Ohtani, ɗan Japan da Dodgers suka ɗauka kan dala miliyan 700, Baba ya ce yaron gwani ne, amma shi har yau bai iya cewa Los Angeles Dodgers da bakinsa.

Kafin in tafi ya sa na kira masa 'yarsa. Sun shirya za ta riƙa zama da shi daga ƙarfe ɗaya zuwa uku duk Juma'a, gobe kuma ita za ta kira kamfanin da kanta. Na fito da farar rigata na goge.