Asabar a ƙarƙashin gadar Garabit

Mun bar Clermont-Ferrand ta ƙasar Faransa bayan sallar asuba, ni da abokan karatuna biyu, ɗaya ɗan Senegal, ɗaya Bafaranshe mai motar. Muka bi babbar hanyar A75 muka miƙe kudu. Sanyi ya riga ya sauka a duwatsun Cantal, iska kuma tana ta kaɗa motar. Mun wuce Saint-Flour ke nan da kaɗan sai ga ta ja wur, ta tsallake kwarin kogin Truyère daga wannan dutse zuwa wancan. Gadar jirgin ƙasa ta Garabit ke nan, aikin kamfanin Gustave Eiffel, mai hasumiyar nan ta Paris.

Na daɗe ina ganin ta a takardun darasi. Na san tsawonta mita 565 ne, bakan da ke ɗauke da tsakiyarta mita 165, kuma lokacin da aka gina ta layin dogon yana mita 122 sama da ruwa, kafin madatsar Grandval ta cika kwarin. Amma sai da muka gangara ƙasa, na tsaya kusa da gindin bakan na ɗaga kai har wuyana ya ƙage, sannan na ga abin da takarda ba ta nuna mini ba. Gadar kusan duk sarari ce. Ta ko'ina ka duba kana hango gajimare ta cikinta.

Iska ce ta sa aka yi ta haka. A watan Disamba na 1879 guguwa ta kayar da gadar kogin Tay a ƙasar Sikotland, jirgin ƙasa yana kai, ba wanda ya tsira. 'Yan watanni bayan haka aka soma aiki a nan, a kwarin da iska ba ta hutawa. Duk wanda ya taɓa ganin hadarin farkon damina ya kwashe katangar kwano ya bar ta zana a tsaye ya san dabarar: abin da ya bar wa iska hanya shi ne ke tsira. Ginshiƙan suna da faɗi a ƙasa, suna tsukewa in sun yi sama. Shi ma bakan ya buɗe ƙafafunsa har mita 20 a gindi, ya tsuke su a ƙoli. Layin dogon kuwa ba a shimfiɗa shi a saman gadar ba, an nutsar da shi kaɗan cikin sassan ƙarfen, don su tare wa jirgi iska, su kuma riƙe shi ko da ya goce. Na zauna a kan wani dutse na fi sa'a guda ina bin kowane sanda da ido, ina neman wanda aka sa don ado. Ban samu ba.

Ina nan zaune Kawu ya kira daga Damagaram. Shi maƙeri ne ɗan maƙeri, daga baya ya koma walda, a rumfarsa na fara riƙe guduma. Na juya masa wayar ya gani. Ya yi shiru, can ya ce, "Kai yaro, matsa kusa. Ina waldar take?"

Na ce, "Kawu, babu walda ko ɗigo. Ƙusoshi ne aka dafe da zafi, sun fi dubu 600."

Na ba shi labarin yadda ake yi, mutum huɗu a kan ƙusa ɗaya. Wani yana gasa ta a wuta har ta yi ja, wani ya zura ta a rami ya tokare ta baya, na uku ya ɗora abin da ke fitar da kai, na huɗu ya sauke guduma. In ta huce sai ta tsuke, ta matse ƙarafan biyu gam. Kawu ya ce, "To ai 'yan'uwanmu ne suka yi ta. Allah ya yi wa hannu albarka." Sannan ya yi tambayar da ta fi tawa: wa ya huda ramukan, har suka dace da juna a can sama?

Amsar wannan tambaya ita ce Eiffel a ganina. An haife shi a Dijon a 1832, kuma ilimin sinadarai ya karanta a makarantar injiniyoyi ta École Centrale, yana sa ran shiga masana'antar wani kawunsa, sai saɓanin dangi ya rufe wannan ƙofa. Ƙarfe ya samu a gabansa, ya kama. Yana da shekara 25 aka damƙa masa kula da ginin gadar jirgin ƙasa ta Bordeaux. A 1866 ya buɗe masana'antarsa a Levallois-Perret, gefen Paris, kuma a can ne ake yanka kowane sanda, a huda shi bisa lissafi, a ɗauko shi zuwa wurin aiki. Mai aiki a sama ba ya gyara, haɗawa kawai yake yi. Bakan Garabit ma daga gefe biyu aka taso da shi, kowane rabi yana rataye da igiyoyin ƙarfe a kan ramin, babu abin da ya tokare shi daga ƙasa, har suka gamu a tsakiya a watan Afrilu na 1884. Da aka gwada gadar a 1888 da jirgi mai nauyin tan 400, milimita 8 kawai ta lotsa.

Da azahar na sami wani lungu bayan wurin ajiye motoci na yi salla, muka ci burodi da cukun Cantal. Nan gardama ta tashi. Abokina ɗan Senegal ya ce a garinsu Saint-Louis mutane da yawa suna cewa gadar Faidherbe ta Eiffel ce, alhali kamfanin Nouguier da Kessler ne ya gina ta a 1897. Sunan mutumin ya yi girman da yake haɗiye na wasu. Ko nan Garabit, wanda ya fara cewa a tsallake kwarin ta sama maimakon a gangara da layin dogo a sake hawa, wani matashin injiniyan gwamnati ne, Léon Boyer. Ya ga gadar Maria Pia da Eiffel da Théophile Seyrig suka gama a Porto ta ƙasar Fotugal a 1877, ya ce irinta ake bukata. Lissafin kuwa Maurice Koechlin, injiniyan kamfanin Eiffel, ne ya yi, shi ne kuma tare da Émile Nouguier suka fara zana hasumiyar Paris a 1884. Boyer bai ga jirgi ya hau gadarsa ba. Zazzaɓin shawara ya kashe shi a Panama a 1886, yana da shekara 35. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Duk da haka ban yarda da abokina ba da ya ce Eiffel ɗan kasuwa ne kawai. Zane a takarda ba ya tsayar da gada. Sai an sami wanda zai tara masu lissafi da maƙera da kuɗi, ya sa hannu a kwangila da sunansa, ya ɗauki asara in abu ya rushe. Hasumiyar mai mita 300 a lokacin, da sassa 18,038 da ƙusoshi miliyan biyu da rabi, ta tashi cikin shekara biyu da wata biyu ne saboda an riga an koyi aikin a kwari irin wannan. Ka dubi ginshiƙin Garabit mafi tsawo, za ka ga kamanninta tun kafin a haife ta.

A hanyar dawowa Bafaranshen ya kawo zancen Panama, ya ce kakarsa har yanzu tana ba da labarin dangin da ajiyarsu ta narke a can. Eiffel ya karɓi kwangilar ƙofofin mashigin ruwan Panama a 1887, kamfanin haƙa mashigin ya durƙushe a 1889, dubban ƙananan masu hannun jari suka rasa abin da suka tara. A 1893 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da tarar faran 20,000, babbar kotu ta soke hukuncin saboda wa'adin tuhuma ya wuce. Ba zan wanke shi ba, don ya sami riba mai yawa a inda talakawa suka yi kuka. Abin da ya yi bayan nan ne ya ƙara kama ni. Ya bar kamfaninsa, ya koma wa iskar da ya yi shekaru yana kare gadoji daga gare ta. Ya riƙa sako abubuwa daga hawa na biyu na hasumiyar yana auna yadda iska ke tare su, ya gina ɗakin gwajin iska a gindinta a 1909, ya mayar da shi unguwar Auteuil a 1912, inda masu ƙera jiragen sama na farko suka riƙa kawo fikafikansu. Tsoho ne mai kusan shekara 80 a lokacin. Ya rasu a 1923, ɗakin kuwa yana aiki har yau.

Mun iso gida bayan isha, ƙafafuna sun yi tsami. Na tura wa Kawu hotunan kawunan ƙusoshin da ya ce yana so ya nuna wa yaran rumfarsa. Gobe in Allah ya kai mu zan zauna da lissafin iskar gadar, na halin da jirgi yake kai da na halin da babu shi, in bi shi da fensir da takarda yadda Koechlin ya yi, kafin in buɗe kwamfuta.