Sana'ar Shirya wa Ango da Amarya Tafiyar Amarci a Gandun Daji

Kamfanina ƙarami ne, kuma aiki ɗaya muka riƙe: muna shirya wa sababbin ma'aurata tafiyar amarci a manyan gandayen daji da gwamnatoci suka keɓe, inda za su kwana a tanti, su wuni suna tafiya a ƙasa tsakanin duwatsu da kwaruruka. Mu ne ke taya su zaɓen wuri da lokaci, mu nemo musu takardun izini, mu ba su hayar tanti da jakunkunan barci da ƙaramin murhu, sannan mu koya musu amfani da kowane abu kafin su tashi. Mai kallo daga waje zai ɗauka hayar kaya ce ginshiƙin sana'ar, alhali mafi nauyin aikin ana yin sa ne watanni kafin biki, lokacin da nake ƙoƙarin gano iyakar abin da jikin mutane biyu zai iya ɗauka.

Da wuya a samu ango da amaryar da sabonsu da daji ya zo daidai. Galibi ɗaya ne ya saba da goya jaka da kwana a ƙasa, ɗayan kuwa ƙauna ce ta sa ya amince, kuma ba ya son ya zama shi ne ya rage wa abokin zamansa jin daɗi tun ba a je ko'ina ba. Ba kullum amarya ce sabuwar shiga ba, domin sau da yawa ita ce gwanar, angon ne ke ɓoye ciwon gwiwa ko tsoron hawa sama. Saboda haka nakan nemi izininsu in yi magana da kowannensu shi kaɗai, ko da ta waya ce. Nakan tambayi tafiya mafi nisa da mutum ya yi a ƙasa a 'yan watannin nan, da maganin da yake sha, da yadda yake ji idan ya leƙa ƙasa daga saman bene, da ko duhu yana damunsa. Wata amarya ta taɓa yin shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, gaskiya ban taɓa kwana a inda babu ƙofa da makulli ba, amma don Allah kada ka gaya masa na ji tsoro." Ban gaya masa ba, domin ba hurumina ba ne. Sai na mayar da dararensu na farko zuwa sansani mai jami'ai da famfo da banɗaki, na tura kwanan tsakiyar daji can ƙarshen tafiyar, lokacin da kunnenta zai riga ya saba da motsin dare.

Ƙa'idata ita ce a auna tafiya da ƙafar wanda ya fi rauni a cikin biyun. Wajen lissafi ina amfani da ma'aunin da William Naismith, wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotlan, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan ma'auni na mutum mai ƙoshin lafiya ne wanda ba ya tsayawa, don haka nakan ƙara aƙalla rabin abin da ya bayar, saboda ango da amarya za su tsaya ɗaukar hoto, za su zauna a bakin rafi, kuma abin da ya kai su ke nan. Nauyin jaka kuma ba na yarda ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai goya ta. Idan ɗaya ya fi ƙarfi, shi zai ɗauki tanti da ruwa, kuma nakan raba kayan a gabana don kada a je can a tsaya ja-in-ja.

Nisa ba ya ruɗin mutane kamar yadda hawa da gangara ke ruɗinsu. Grand Canyon, wani ƙaton kwari da ke Amurka, ya isa misali. A can tafiya da gangara take farawa, mutum yana sauka da ƙarfinsa da sanyin safiya, bai san bashi yake ci ba sai ya juyo. Daga bakin kwarin ta kudu zuwa kogin Colorado akwai saukar kusan mita 1,400, hawowa na cin ninki biyu na lokacin sauka, kuma a watannin zafi ma'auni kan haura digiri 40 a ƙasan kwarin. Hukumar gandun da kanta tana gargaɗin kada a yi yunƙurin zuwa kogin a dawo a yini guda. Haka ma dutsen Half Dome a gandun Yosemite na Amurka, wanda hotonsa ke jan hankalin ma'aurata ƙwarai: zuwa da dawowa ya haura kilomita 22, yawancin mutane na shafe awa 10 zuwa 12, kuma kusan mita 120 na ƙarshe da igiyoyin ƙarfe ake kamawa a hau kan santsin dutse. Na sha hana mutane wannan hawa, wasu sun fahimta, wasu sun kai kuɗinsu wani wuri. Nakan ji zafin rasa ciniki, domin ƙaramin kamfani ba ya raina ko da ciniki ɗaya, amma ba zan sa hannu a kan tsarin da na san ɗaya daga cikinsu zai ƙarasa shi da kuka ba.

Sai maganar izini da kalanda, wadda ita ce ke hana ni barci. Ana tsayar da ranar biki ne ba tare da an tuntuɓi gandun daji ba, shi kuwa gandu yana da nasa lokacin. Wasu manyan sansanonin kwarin Yosemite ana buɗe rajistarsu a intanet ranar 15 ga wata da ƙarfe 7 na safe agogon yankin, watanni biyar kafin lokacin, kuma guraben watannin zafi kan ƙare cikin 'yan mintoci. Izinin Half Dome ƙuri'a ake jefawa a watan Maris, kuma kimanin mutum 300 kaɗai ake bari su hau a rana. A gandun Torres del Paine da ke kudancin ƙasar Cile, mai son bin shahararriyar hanyarsa ta kwana huɗu zuwa biyar dole ya kama wurin kwanan kowane dare tun kafin ya shiga, kuma lokacin ɗuminsu daga Nuwamba ne zuwa Maris. Wannan saɓanin yanayi tsakanin arewacin duniya da kudancinta yana taimaka mini, domin duk watan da biki ya faɗo akwai gandun da ke cikin lokacinsa. Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895, ba a hawansa sai da jagora mai lasisi, kuma ba kasafai nake ba da shawararsa ga tafiyar amarci ba. Ciwon da ƙarancin iska ke jawowa yana iya farawa daga mita 2,500, ba ya la'akari da ƙarfin mutum, kuma babu abin da ya fi ɓata irin wannan tafiya kamar a sauko da ɗaya a bar ɗaya yana shawarar ko ya ci gaba.

Duk inda za su, ina dagewa a kan abu ɗaya: daren farko da na biyu bayan biki a kan gado za a yi su, a ɗaki mai rufi. Mutanen da suka yi makonni ba su samu isasshen barci ba ba su da ƙarfin kafa tanti cikin iska, kuma gajiya ce ke mayar da ƙaramar magana babba.

Kayan da nake bayarwa na zaɓe su ne da la'akari da mutum biyu da ba su gama sanin halin barcin juna ba. Tantin da masana'anta suka rubuta na mutum biyu ne, kafaɗa da kafaɗa ake kwanciya a cikinsa, babu wurin ajiye jaka, don haka na mutum uku nake ba su, mai ƙofa biyu, yadda wanda ya tashi cikin dare ba zai tsallake ɗan'uwansa ba. Jakunkunan barci ina haɗa mai zif a dama da mai zif a hagu don a iya zuge su su zama ɗaya. Sababbin shiga sukan raina shimfiɗar soso, alhali ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki fiye da iska, kuma jakar barci ba ta tare sanyin ƙasa saboda nauyin mutum ya danne abin da ke cikinta. Zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000 na hawa, shi ya sa a gandun Yellowstone na Amurka, wanda yawancinsa ya haura mita 2,000, ruwa kan iya daskarewa da dare ko a tsakiyar lokacin zafi. Tufafin auduga nakan cire su daga jakar, domin idan suka jiƙe da gumi ko ruwan sama ba sa bushewa da wuri, sai su riƙa sanyaya jiki. Takalmi kuwa ba na bayar da hayarsa. Kowa ya sayi nasa da wuri, ya yi makonni yana yawo da shi, saboda sabon takalmi da bororo tare suke tafiya.

Kafin ranar tafiya sai sun kafa tantin da hannunsu a gabana, sau ɗaya da rana, sau ɗaya da tocila bayan duhu ya yi. Ba na taɓa ko turke ɗaya, kallo kawai nake yi. A nan nake ganin wanda ke saurin fushi idan sanda ta ƙi shiga, da wanda ke janye hannu ya bar wa ɗayan komai, da waɗanda ke dariya su sake daga farko. Gani ya kori ji, kuma abin da na gani a wannan gwaji yakan sa in rage tsawon wata rana ko in ƙara hutu.

Dokokin namun daji sun bambanta daga gandu zuwa gandu, kuma haddace su aikina ne. A Yellowstone, gandun farko a duniya wanda aka kafa a 1872, doka ta ce a bar tazarar mita 91 tsakanin mutum da kyarkeci ko beyar (wata ƙatuwar dabba mai gashi da farata), da mita 23 tsakaninsa da sauran dabbobi. Ɓaunar can, wadda baƙi ke ɗauka kamar saniya ce mai sanyin hali, ta raunata mutane fiye da kowace dabba a gandun, kuma ta fi mutum gudu nesa ba kusa ba. A Yellowstone ana ƙarfafa riƙe feshin korar beyar, amma a Yosemite haramun ne, can abin da aka wajabta wa mai kwana a daji shi ne ya kulle abinci da man goge baki da duk wani abu mai ƙamshi a cikin gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa. Feshin da tukunyar gas duka ba a hawa jirgin sama da su, sai an isa ake saye, kuma nakan rubuta musu wannan tun a shafin farko. A Kruger na Afirka ta Kudu kuwa sansanoni a kewaye suke da shinge, ana rufe ƙofofi da faɗuwar rana, kuma tafiya a ƙasa cikin daji sai tare da jami'ai masu bindiga.

Wuta ce na fi tsananta magana a kanta. Ba a kunna murhu ko a shigar da garwashi cikin tanti komai sanyi, domin suna fitar da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke kashe mutum yana barci. A waje ma sai a inda aka halatta. A 2005 murhun wani baƙo ya tayar da gobara a Torres del Paine, sannan a ƙarshen 2011 wata gobarar da baƙo ya jawo ta cinye fiye da hekta 17,000, a dajin da itatuwansa ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma.

Ango da amarya suna son kaɗaici, kuma haƙƙinsu ne, sai dai kaɗaici a daji yana da sharaɗi. Suna barin mini cikakken tsarin tafiyarsu, su ɗauki taswirar takarda da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam saboda waya ba ta samun sabis a yawancin wuraren, mu kuma ajiye lokacin da idan ban ji daga gare su ba zan kira jami'an gandun. Akwai kuma maganar da kunya ke hana su tambaya, don haka ni nake fara ta: inda babu banɗaki ana haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, aƙalla mita 60 daga ruwa da hanya, a binne. Ruwan rafi komai haskensa sai an tace ko an tafasa shi na minti ɗaya, minti uku idan an haura mita 2,000.

Idan kaya suka dawo, wani aikin ya fara. Kowane tanti sai an kafa shi a inuwa ya bushe sarai, domin idan aka naɗe shi da laima kwana kaɗan ya isa ya yi fumfuna, warin kuma ba ya fita. Nakan shiga ciki in kwanta in kalli rufin ta fuskar haske, saboda ta haka ƙananan huji ke bayyana. Muna bin ɗinki da man toshe ruwa, mu wanke yashi daga haƙoran zif da tsohon buroshi, mu miƙe turakun da suka lanƙwashe, mu rataye jakunkunan barci a sake don kada abin cikinsu ya mutu. Tantin da na fara shakkarsa ba ya sake fita da sababbin ma'aurata, ko da zai iya ƙara shekara.

Bayan mako ɗaya ko biyu nakan kira su, kowa shi kaɗai kamar farko, in tambayi ranar da ta fi wuya da ranar da ba su so ta ƙare ba. Amsoshin ina rubuta su a littafin kowace hanya, kuma daga cikinsu ne na fara barin rana guda a tsakiyar kowace tafiya ba tare da an tsara mata komai ba: ba a tayar da tanti, ba a goya jaka, duk inda suka ga dama su je ko su zauna. Masu son a cika musu kowace rana da hawan dutse sukan nemi in cire ta, ni kuma nakan roƙe su su bar ta a takarda, idan sun isa can su yanke shawara da kansu.