Hutun da na hana wani yaro

Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ajina, bayan shekara 11 ina koyar da 'yan aji shida a wata firamaren gwamnati da ke unguwar Aboabo a birnin Kumasi, ƙasar Ghana. Abokan aiki sun ce in rubuta abin da na koya, amma abu ɗaya ne ya tokare mini ƙirji.

Da farko na ɗauka dogon hutu daɗi ne ga kowane yaro. Ashe a wasu gidajen, ranar rufe makaranta ranar kife tukunya ce. Tun 2005 aka fara shirin ciyar da 'yan firamare, makarantarmu tana ciki, kuma akwai yaran da wannan kwano ɗaya ne abincinsu na kirki a yini. Da an yi hutu sai ya yanke. Yaro ya koma ɗaki ɗaya da mutum bakwai, ana faɗa har tsakar dare, da sassafe ya ɗauki tiren ruwan leda ya nufi kasuwar Kejetia. In an dawo, sai ka ga wuyansa ya ƙara tsawo.

Shi ya sa muka fara kai yara 20 Tafkin Bosomtwe su yi kwana uku, da kuɗin da 'yan kasuwar masallacinmu suka tara. Da hannuna na rubuta sunaye. Na farko wani maraya ne da ke hannun kakarsa mai koko da ƙosai, ga kawu mai saurin hannu a gidan. Hedimasta ya kira ni ofis.

"Malam, wannan tafiya tukwici ce. Wanda bai ci jarrabawa ba, kuma ba a biya masa kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ba, ba zai shiga mota ba."

Ya soke suna shida, ciki har da na marayan nan, ya cike gurbin da wasu, har da ɗan ƙanwarsa. Takardar ƙarin girmana tana kan teburinsa a lokacin. Na yi shiru.

Ranar tafiya yaron ya zo da baƙar leda, riga biyu a ciki, da ƙosan da kakarsa ta ƙulle masa. Ni ya kamata in sanar da shi tun da wuri, ban iya ba.

"Malam, a ina zan zauna?"

"Ka yi haƙuri ɗana, sai baɗi."

Bai yi kuka ba. Yana tsaye bakin ƙofa har trotro, wato motar hayar da ta kwashe mu, ta sha kwana. Baɗin ba ta same shi a makaranta ba, ya shiga tsintar ƙarafa a unguwar Akwatia Line.

Daga wannan shekarar ban sake ba kowa takardar sunaye ba, kuma na sha baƙar magana a kai. Na ga abin da kwana uku ke yi. Wata yarinya ta yi barci a gindin bishiya daga azahar har la'asar, ba wanda ya tashe ta da aike. A daren farko sukan ɓoye burodi ƙarƙashin tabarma, zuwa rana ta uku sun daina. Tafkin kusan kilomita 30 ne kawai daga Kumasi, amma yawancinsu ba su taɓa ganin ruwa mai faɗi haka ba. Sai su zauna shiru suna kallon masunta a kan falanki suna tuƙi da hannu. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba, a can yakan fara tambaya.

Sauran darussan gajeru ne. Ka je gidan yaro da ƙafarka kafin ka yanke masa hukunci. Kada ka ɗauki hotonsu don nuna wa masu ba da taimako. Kuɗin tafiya ya zauna a hannun mutum uku.

Hedimastan ya yi ritaya, an yi masa walima. Yaron kuwa na gamu da shi watan jiya yana tura baro, ya zama saurayi. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Malam, wai da gaske ne ruwan tafkin nan ba ya gudu ko'ina?" Na ce masa da gaske ne.